Garin da Wayar Malam Ba Ta Gani Ba

Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Talata abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne don ina da ɗabi'ar rubuta sa'a a gefen shafi duk sanda na shiga ofishin malami. Ranar na kai wa malamin da ke duba aikina na kammala kwaleji babi na biyu.

Babin a kan tsohon garinmu ne. Ni a Warra aka haife ni, amma kakata, wadda muke kira Inna, a wani ƙaramin tsibiri ta tashi, wanda ruwa ya shanye da aka gina madatsar Kainji. Hutu uku na yi ina zama kusa da ita tana bandar kifi, hayaƙi na cin idona, ina rubuta abin da take faɗa: tsamiyar da ake ɗaure jirage, inda Gungawa, 'yan asalin tsibiran, suke, inda masunta Hausawa suke, ranar da aka loda musu tukwane a mota. Na kuma bi wasu tsofaffi huɗu a Ngaski. Duk abin da bakin mutum biyu bai haɗu a kansa ba, ban sa shi ba.

Malam bai wuce shafin farko ba. Ya ɗauki wayarsa, ya rubuta sunan garin a akwatin binciken da ke fuskarta, ya ja da babban yatsa sau biyu. Haka malamanmu ke yi, a gabanka za a duba ka.

"Babu shi," ya ce.

"Malam, ruwa ne ya..."

"Ke, ɗaga murya, ba na jin ki. Na ce babu shi. Hirar tsofaffi kika kwaso min? Ki kawo hujja ko ki cire babin."

Na ce to. Ni dama "to" ce ta fi min sauƙi a baki.

A waje na duba a tawa wayar. Hotunan madatsa, tallan masauki, labarin wutar lantarki. Na ari wayoyin 'yan ɗakinmu uku, duk abu ɗaya suka nuna, a jeri ɗaya. A lokacin na ɗauka shaidu huɗu ke nan suka ƙaryata ni. Ban lura shaida ɗaya ce na tambaya sau huɗu ba.

Da na je gida na gaya wa Inna, ko juyowa ba ta yi daga kan bandarta ba.

"Wa yac ce babu shi? Can aka yanke min cibi. Ke 'yar boko, wayar nan taku ta taɓa shiga jirgi?"

Na yi dariya don ta ji daɗi, amma raina a jagule yake.

Mai gyaran waya a kasuwar Yauri ne ya fara buɗe min ido. Na je ya canza min gilashi, na yi ta maza na tambaye shi ko akwai wata hanyar bincike ban da wadda ke fuskar waya.

"Kai, yau Malama ta yi magana! Akwai mana, da yawa. Wannan da ita wayar ke zuwa daga kamfani. In kina so a canza, sai an shiga saitin, a shiga wani wurin, a sake shiga wani. Shekarata nawa a rumfar nan, ke ce ta farko da ta tambaya."

Ya canza min manhajar binciken, bai karɓi komai ba.

Daga baya na yi ta karatu a kan abin, sai na tarar har kotu aka je a ƙasashen waje. Kamfanin da ke da manhajar da waya ke zuwa da ita yana biyan masu ƙera waya maƙudan kuɗi don tasa ta fara buɗewa a hannun kowa. Hukumomi suka ce hakan toshe wa sauran hanya ne, kamfanin ya ce ai kowa na da ikon canzawa. Wannan maganar na san ta tun ina ƙarama. A bakin ruwan Warra akwai mai babban jirgi da ke kula da 'yan kamasho, fasinja na sauka daga mota za a karɓe masa kaya a kai jirginsa. Ba wanda ya hana ka shiga wani jirgin. Sai dai buhunka ya riga ka zama. Babana ya sha wuni da ƙaramin jirginsa yana kallon haka, har ya koma noman gero.

Ban ce sabuwar manhajar ta fi kyau ba, a wasu abubuwan ma shirme take kawowa. Amma ita daban ce. A shafinta na biyu ta fito min da hoton wata tsohuwar takarda ta ma'aikatan da suka kwashe mutane, da jerin garuruwan da aka tasa. Na bi da yatsa a hankali. Ga sunan garin Inna nan, tsakanin wasu biyu da ta sha ambata min. Na kwafe shi a littafina.

Na koma ofishin Malam da takardar a buge. Ya karanta, ya sake ɗaukar wayarsa ya duba, kamar takardar da ke hannunsa na jiran izini. Bai ga komai ba. Na miƙa masa tawa. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo min ita.

"Kin yi ƙoƙari," ya ce. "Amma ki cire."

Shekara uku na yi a makarantar ban taɓa mayar wa malami magana ba. Ranar na mayar.

"Malam, don Allah, in abu ba ya cikin wadda ta biya kuɗi aka sa ta a gaba, shi ke nan ba a taɓa yin sa ba?"

Ya cire tabarau, ya murza idonsa. Ban taɓa jin ya yi magana a hankali haka ba.

"An yi shi, 'yata. Ni ma mahaifiyata daga tsibiri aka kwaso ta. Amma wanda za a turo daga waje ya jarraba ku, irin wayata ce a aljihunsa, kuma minti biyar zai ba ki. Ba zai shiga saitin saboda kakarki ba. Ki cire babin ki karɓi takardar shaidarki."