Tokar da Ta Rufe Kabarin Yaya Illo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Illo, kuma sai bana na ji ana kiran tokar da ta cinye masa ƙirji da sunan dukiya.

Direban tifa ne a tashar lantarkin kwal ta garinmu, can arewacin Nijar. Aikinsa ya kwashi toka ya zubar a bayan gari, daf da maƙabarta. Yakan dawo fari fat, yana tari, ya ce, "Ke Hajo, ba ni ruwa, yau ma fatalwa ce ta zo miki." Da ya rasu aka kifa fasasshen tulu a wajen kansa, don mu ba ma rubuta suna a kabari. Iska ta yi ta turo tokar har ta haɗiye tulun, da na mutane da yawa. Ba wanda ya zo ya ce mana sannu.

Yanzu ina Riyad, ina sharar wani ofis a unguwar Ulaya. Ran nan a kasuwar Batha wani dillali ɗan garinmu ya tare ni, baki har kunne. Wai wani kamfani zai tace tokar, ya fitar da ƙarafa masu wuyar samu, irin waɗanda ake sawa cikin waya da motar lantarki. Amincewar dangin mamata kawai suke jira su kwashe tudun tokar.

Ya ce, yana haɗawa da Larabci, "Yalla Hajiya, toka ce fa, ma fi mushkila, ba matsala."

Na ce, "Katafilar a ina za ta tsaya?" Ya ce injiniyoyi sun sani. Na ce sun san inda tulun yake? Sai ya kama latsa waya.

Da girmana na shiga aji, amma na san mai binciken ƙarfe ba ƙashi yake nema ba. Da Yaya na nan, dariya zai yi har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Akwai saura a ƙirjina, su zo su tace."

Ban ƙi a amfana ba. Amma a fara tara dattawa, a tona bakin tudun da hannu, a gano tulunan, a ja katanga. Kafin nan, a'a.

Yaya bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Wurin kwanciyarsa kaɗai ya rage, shi ma ban san daidai inda yake ba. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Da ranka ka kwashe musu toka. Ba za su kwashe ka a cikinta ba.