Kyamarar da Ke Kwana a Ɗakin Malam Sule

Har gobe ba zan manta da safiyar da na je gonar Malam Sule a Gafasa na tarar da turke tsaye babu kyamara ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Ajingi, ba a ma tabbatar da ni a aiki ba.

Da farkon damina shugaban sashenmu ya damƙa mini wata 'yar kyamara, irin ta aljihu. Ana saita ta ta riƙa ɗaukar hoto ɗaya duk rabin awa. In aka jera hotunan a kwamfuta aka kunna su da sauri, sai ka ga gyaɗa na fasa ƙasa tana buɗe ganye cikin minti ɗaya. So yake a nuna wa manoma a taron Gaya bambancin irin da aka wanke da magani da wanda ba a wanke ba. Sharaɗin guda ne: kada kyamarar ta gusa ko da faɗin yatsa, in ba haka ba hoton zai yi ta tsalle.

"In ka kawo mini wannan, zan sa baki a tabbatar da kai," in ji shi. Tsiron gyaɗa kuwa in ya wuce ka, sai baɗi.

Na kafa turke, na yanka jarka na sa kyamarar a ciki saboda ruwa, na ɗaure. Na ce da mai gonar, "Baba, ga amana nan." Iyakar bayanina ke nan. A tunanina, me dattijo zai gane a harkar kyamara? Wautata ke nan.

Duk kwana huɗu nakan zo da la'asar in canja batir, in same ta daram. Rana ta goma sha biyu na yi sammako, sai ga turke fayau. Na zauna a kan kunya ina tunanin abin da zan gaya wa shugaban sashenmu.

Can sai ga Malam Sule, fartanya a kafaɗa, jarkata a hannu.

"Malam, yau da wuri haka? Ga 'yar taka."

"Baba, ina ka kai ta?"

"Gida mana. Ba ka ce amana ba ce? Ni in bar amana ta kwana a daji? Kullum da magariba nake ɗauke ta, in na idar da asuba in dawo da ita."

Wallahi kamar in fashe da kuka. Na hau yi masa bayani cikin ɗaci cewa aikin ya lalace. Bai katse ni ba, sai da na gama ya ce, "Zo ka gani."

Ashe ya tsattsaga alamu da wuƙa a jikin turken, daidai inda gindin jarkar ke zama. Ya ɗora ta, ya rufe ido ɗaya, ya daidaita bakinta da wata kuka a ƙarshen gona, sannan ya ɗaure.

"Ran farko na ga yadda ka daɗe kana leƙe kana gyarawa. Na san ba a banza ba ne. Wanda ya shekara hamsin yana jan kunya a miƙe, wannan zai gagare shi?"

Duk da haka hankalina bai kwanta ba sai da na jera hotunan a ofis. Na cire na rufin ɗakinsa, da guda uku na fuskarsa yana leƙen gilashin. Na kunna. Gyaɗa ta taso tsaf, hoton ko rawa bai yi ba. Na yi hamdala na sake yi.

A Gaya sau huɗu manoma suka sa aka maimaita shi. Kafin kaka takardar tabbatar da ni a aiki ta fito.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, duk abin da za ku ajiye a gonar mutum, ku zauna ku gaya masa dalili tun daga tushe. Ni ban yi ba. Allah ne ya haɗa ni da dattijon da yake kallon hannuna lokacin da na raina shi.