Ƙanena mai gugar katakon ƙanƙara

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanena Habibu a maƙabartar Al Qusais da ke Dubai. Na ce "muka", amma maza ne suka shiga da shi. Ni a bayan katanga na tsaya, kuma nan nake tsayawa duk Juma'a har yau. Bana bizata za ta ƙare. 'Yata Rabi tana Kano tana cewa in dawo gida, gwiwoyina ma haka suke cewa. Amma in na tafi, Habibu ba shi da kowa a ƙasar nan.

Ni na kawo shi Dubai. Tuwo nake dafawa a unguwar Naif, ina sayar wa 'yan kasuwa masu jiran a loda kayansu a jirgin kago. Na so ya kama ɗaurin kaya kusa da ni, sai ya samu aiki a wani gidan ƙanƙara da ke cikin mol, katafaren kantin zamani, inda inji ke yin sanyi, mutane su hau tudu su sulalo a kan katako biyu. Shi yana ɗakin gyara a baya. Yana wasa gefen katakon da magagari, ya narka kaki da dutsen guga ya shafe ƙasansa.

Na ce masa, "Duk gugar da ke Fagge ba ta ishe ka ba, sai ka hau jirgi ka zo gugar katako?"

Ya ce, "Yaya, wannan ba ya ƙonewa, kuma ba a aiko yaro karɓa kafin ka gama."

Masu hali ba sa tsayawa a tudun mol. Lokacin sanyi sai su tafi duwatsun gaske, su dawo su kawo masa katakonsu gyara, su tsaya a kansa suna gardama. 'Yan Labanan su ce dutsensu ya fi, don daga samansa ana hango teku. Wasu su ce Turkiyya, don akwai inda ake buɗewa da wuri. Wasu kuma Jojiya, kusa take, kuma ƙanƙararta tana daɗewa. Habibu yana guga yana ji. In ya tashi aiki ya zo cin tuwo, sai ya juye mini duka. Ni kuwa ina wanke tukwane.

Mutanen ma ya raba su biyu. Akwai masu gaggawa, masu tafiya da zarar an buɗe, ƙanƙara ba ta gama rufe duwatsu ba. Katakonsu yana dawowa da rauni kamar an ja shi a titi. Waɗannan haushi suke ba shi. Ya ce hoto suke so su riga kowa sakawa. Akwai kuma masu jira sai Afrilu, an watse, rana ta fito, ƙanƙara ta yi laushi tana narkewa. Nasu katakon da datti yake dawowa, amma lafiya lau. Su yake so. Ya ce ba sa yawan magana, kuma suna gaisawa.

Shi bai taɓa zuwa ko ɗaya daga duwatsun ba. Ya zaɓi Jojiya, ya zaɓi ƙarshen lokaci, har rigar sanyi ya saya a gwanjo. Shekarar farko takardu suka ƙi. Ta biyu aka ce hutunsa sai Agusta, kuma a Agusta ciyawa ce a dutsen. Ta uku ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Bai tashi ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yanzu. Akwai Mumuni, ɗan Zangon Kumasi, wanda suka yi aiki benci ɗaya, yana zuwa cin tuwo jefi-jefi. Ya ce masu zuwa gyara suna ƙorafin ƙanƙara ba ta zuwa kan lokaci, tana kuma saurin tafiya. Ya ce an daina gardamar ma, kowa waya yake dubawa ya ga dutsen kafin ya sayi tikiti. Ina jin wannan zai fi damun Habibu. Gardamar ce tafiyarsa. Ba ya da wata.

Mumuni nake sa wa rai zai kula da kabarin in na tafi. Shi namiji ne, yana shiga har bakin kabarin, ya dawo ya ce mini, "Maa, wurin yana nan tsaf." Watan jiya ya ajiye cokali ya ce kwantiraginsa ya ƙare, khalas, gida zai koma. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na ƙara masa miya.

Na yi tunani sosai. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, ban zauna gadin kabarin kowa ba. Addu'ar da ke tsallake katanga za ta tsallake teku. Na gaya wa Rabi ba zan sabunta biza ba. Hawa bene da kular tuwo ya fi ƙarfina, kuma ba na so wata rana a rasa mai yi mini wanka.

Habibu bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Na duba abin da ya rage nasa, sai na same shi a kaina. Ni da ban taɓa taka ƙanƙara ba, na san dutsen da ke fuskantar arewa ya fi riƙe ta, na san ta safe tauri gare ta, ta azahar ruwa ce. Ban nemi sani ba, ina wanke-wanke ya shiga. Ran nan na fara gaya wa Rabi a waya. Ta saurara kaɗan, ta ce, "Umma, ki taho mini da turaren wuta."

Na ce to.