Cacar da Na Yi da Ran Ƙanwata a Dajin Magama

A lokacin ban daɗe da gama digiri a kimiyyar fiziks ba. Aiki ya ƙi samuwa, na koma gida Jibiya ina jan motar haya zuwa Maraɗi. Akwai wani ra'ayi da na ɗauko daga jami'a ya zauna mini a kai. Wasu masana na ganin duk sa'ad da ƙwayar zarra ta samu mafita biyu, ba ɗaya take bi ba, duniya ce ke rabuwa, kowane sakamako ya auku a reshensa, kuma kana cikin kowanne. Ni kuwa na mai da shi lasisin ganganci. Duk haɗarin da na tunkara sai in ce ai a wani reshen na tsira.

Ran nan na ɗauko ƙanwata daga gidan mijinta a Maraɗi, da cikin wata bakwai, za ta gaida Innarmu. Sai da muka doso iyaka da la'asar ta tuna ta baro katin shaidarta. Na tsaya, na ce sai mu bi ta daji mu kauce wa jami'an iyaka. Wani dattijon direba ya ja ni gefe, ya ce kada in kuskura in zagaya ta daji, an ga 'yan bindiga da hantsi. Ita ma ta riƙe mini hannu, ta ce yaya mu koma, gobe ma rana ce. Na yi dariya, na karya kan mota cikin gonaki.

Ba mu yi nisa ba babura uku suka ɓullo daga bayan itatuwan geza. Na taka mota, yashi na riƙe tayoyi, ita tana ta salati. Na ji harbi biyu, sai salatin ya tsaya. Har muka hau kwalta a Magama, ɓangarenmu na iyaka, ban iya waiwayawa ba.

Ta rayu, amma harsashin ya farfasa mata ƙugu, cikin kuma ya zube. A asibiti, don rashin kunya, na ce wa Inna a wata duniyar ba abin da ya sami ƙanwata. Ta kalle ni, ta ce to in je can in ɗauko mata waccan.

Ban ce masanan sun yi ƙarya ba, har yau su ma ba su gama gardama ba. Amma ko a lissafinsu ba inda aka ce ganganci ya halatta, ni na ƙara wannan. Masu karatu, ko duniyoyi dubu ne, guda kawai aka ba ku ku amsa tambaya a kanta. A wannan ɗin, ni ke tura ƙanwata a keken guragu.