Guduma Ba Ya Ci Sai Kawu Ya Yi Fito

Kawuna mai walda ne, kuma irin mutanen nan ne da in suka kafe ko katanga sai ta ba su hanya. Shekara talatin yana haɗa ƙyamare da tagogi a rumfar ƙofar gidansa. Idonsa ja kullum saboda tartsatsi, bayan hannunsa duk tabon ƙuna. Ba ka ganin haƙorinsa sai ƙarfe ya zauna daidai.

Karensa na farko ɓarayi suka kashe. Nama mai guba suka wurgo ta saman katanga, ya ci, suka kwashe injin walda. Bayan sati biyu Kawu ya dawo da baƙin kwikwiyo a kwali, ya sa masa suna Guduma, ya ce, "Wannan ba zai mutu ta baki ba."

Ku ji yadda ya hore shi. Sai ya cusa barkono cikin tsoka ya ba mahaucin layinmu ya wurga. Kwikwiyo ya cafke, ya yi ta birgima yana kuka. Washegari matar Kawu, da muke kira Anti, ita ke wurgawa. Har shi kansa Kawu yakan miƙa masa nama da hannu, in ya kai baki ya sha bulala. Abinci ɗaya aka yarje masa: wanda Kawu ya zuba a kwano, ya ja da baya, ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, gajere biyu, dogo ɗaya.

"Maigida, wannan horo ne ko mugunta?" in ji Anti.

"Ke dai ji da tukunyarki."

Kafin shekara Guduma ya zama ƙato, ya zama abin kallo. Mahauci zai lilo masa hanta a hanci, ya kau da kai kamar an nuna masa dutse.

"Wallahi karen nan ya fi 'ya'yana tarbiyya," in ji mahauci. "Ko in kawo maka su?"

Ran wata Talata da hantsi Kawu ya faɗi cikin ƙarafuna. Shanyewar ɓarin jiki. Aka kwashe shi zuwa asibiti, hankalin kowa ya bi shi, ba wanda ya tuna da kare sai kwana na biyu.

Anti ta zuba masa abinci a kwanonsa. Ya zo ya zauna a gaban kwanon, ya ɗaga kunne, yana kallon ƙofar rumfa. Ƙuda suka ci suka ƙoshi. Ruwa kawai yake sha.

Kwana na huɗu mahauci ya zo da tsoka, ya ce ai fiton nan ya haddace shi. Ya sa yatsu, ya busa, gajere biyu, dogo ɗaya. Guduma ya juyo da kai a hankali. Bai yi haushi ba. Wani gurnani ne ya taso daga ƙasan cikinsa, sarƙar wuyansa ta miƙe tsaf. Mahauci ya bar takalmi ɗaya a wurin.

Daga bayan ƙyaure ya ce, "Anti, kare mai yunwa ba kare ba ne. Yara na wucewa ta nan. In ya tsinke sarƙar fa?"

Na bincike wayoyin gidan kaf, ko wani ya taɓa ɗaukar Kawu yana fito. Hotuna fal, fito babu.

Kwana na bakwai aka sallamo Kawu. Ɓarin dama ya tafi, baki ya karkace, magana ta zama laka. Bai yarda a kai shi ɗaki ba. Da hagu ya yi ta nuna rumfa har aka ajiye kujerarsa a gaban kwanon. Haƙarƙarin Guduma ana ƙirgawa daga nesa. Ya kaɗa jela sau ɗaya, ya zauna, ya ɗaga kunne.

Kawu ya sa yatsu a baki. Iska ta fito da yawu. Ya sake. Ya sake har jijiyar wuyansa ta tashi, Anti ta juya baya tana goge ido.

Sai ya ɗauki tsoka ya miƙa. Guduma ya kau da kai. Ya san wannan jarrabawar, ya sha bulala a kanta.

Abin da Kawu ya yi daga nan, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Ya zamo daga kujera ya faɗi a ƙasa, ya ja jiki, ya danne wuyan karen da gwiwa. Hannunsa ɗaya tak da ya rage, shi ya cusa cikin bakin nan har wuyan hannu, ya tura naman maƙogwaro. Guduma ya haɗiye. Sannan ya kwanta ya rufe ido yana jiran duka.

Yau wata biyu ke nan. Safe da yamma haka ake yi. Karen ya yi ƙiba, ƙarfinsa ya dawo, na Kawu bai dawo ba. Kuma Guduma ya daina rufe ido. Yanzu in hannun na cikin bakinsa, kallon Kawu yake yi, ƙir.

Jiya na ga Anti tana ɗaure masa hannun da tsumma. Hujin haƙori huɗu, ba zurfi.

"Maigida, hannu ɗaya gare ka," ta ce. "Da shi kake ci, da shi kake tashi."

Ya dube ta, ya dubi agogon bango. Biyar saura. Ya nuna kwanon da haɓa.