Mindar da Aka Kankare wa Fuska

In ka ce Lurwanu mai agogo, tsofaffin Tandabawi sun san wanda kake nufi. In ka ce Lurwanu mai minda, sai su yi murmushi su kaɗa kai, irin na mutanen da suka gama yanke hukuncin cewa tsufa ya fara taɓa mutum. Ba tsufa ba ne. Mutumin nan da hankalinsa garau, ya ma fi da yawa daga cikin masu yi masa dariyar.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago a unguwar Tandabawi ta Makka, madubin aikinsa manne a ido ɗaya. Da rusau ya ci layinsu, ya koma wata shaƙƙa, ɗan sashen gidan bene, a hawa na uku a unguwar Zahir. Shekara biyu da komawa matarsa Ruƙayyatu ta rasu. 'Yarsa tana aure a Riyad. Ɗansa Nawaf yana nan cikin Makka, amma zuwansa sai Juma'a, Juma'ar ma ba kowace ba, in ya zo kuma waya ce ke cinye rabin zaman. To me mutum zai yi da dogon yini tsakanin azahar da la'asar? Sai ya jawo farantin mindodinsa.

Minda ita ce lambar yabon da Turawan Ingila suke rataya wa sojojinsu bayan yaƙi. Haka tsofaffin sojoji suke kiranta. Mutane ba su san yawan tsofaffin sojojin da suka ƙare kwanakinsu a garin nan ba. An sallame su daga yaƙin Bama, wasu tun daga na Jamus a Kamaru, suka koma gida zama ya gagare su, suka kamo hanyar gabas a ƙasa, ta Cadi da Sudan, suka tsallako teku don su wanke abin da idonsu ya gani. Suka zama 'yan ga-ruwa, masu gadi, masu tsire. Suka mutu, aka binne su yadda ake binne kowa a nan, ba suna ba alama. Mindodinsu kuwa suka kwanta a ƙasan adaka cikin tsumma, har ranar da jikoki suka tashi ƙaura, suka haɗa su da matattun fanka da tukwane suka kai kasuwar gwanjo. Jikan da bai san sunan garin kakansa ba, ina zai san minda?

A gwanjon nan Lurwanu yake tsinto su. Goma sha bakwai ya tara. Kowace sai ya aza ta a ƙaramin ma'auninsa, ya manna madubi ya bi bakinta sannu a hankali, don ta jabu tana da layin ɗinki inda aka zuba ƙarfen, ta gaske kuwa bugawa aka yi. Ba ya yarda a goge masa su da man goge ƙarfe. Ya ce dattin da ke lungunsu shi ma shaida ne. Na tsohon yaƙin, wato na Jamus a Kamaru, suna da suna a kewaye: lambar soja, sunansa, sunan garinsu, bataliyarsa. Sai ya kwafe a ɗan kati da Larabci da boko, ya ajiye a ƙarƙashinta. Bayan sallar asuba yakan ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya ya yi musu addu'a. Ƙila a duk duniya shi kaɗai ne bakin da ke kiran sunayen nan.

Amma guda biyu da ke saman farantin ba su da kati. Su ne na ubansa, Malam Abdulsalami, wanda duk unguwa ta sani da sanda a kafaɗa da garwa biyu. Ɗaya tauraro ce ta tagulla, ta yaƙin Bama. Ɗayar zagayayya ce fara, sai dai an kankare ta gaba da baya da magagari, ta zama sumul kamar gindin cokali. Turawan, da suka zo raba na wannan yaƙin, ko wahalar buga suna ba su yi ba. Mutum ya je ya yi shekaru cikin daji da sauro da harsashi, a miƙo masa ƙarfe ba suna, kamar ana raba kwabo ga yara.

Wata Juma'a Nawaf ya zo da shinkafa a leda daga gidan abinci, ya tarar da uban nasa sunkuye kan farantin.

"Ya abuya, halas, ya isa haka mana. Abinci zai huce."

"Zo ka ga ta kakanka."

"Jaddi ɗan ga-ruwa ne, ya abuya. Kowa ya sani. Wane yaƙi kuma?"

"Kafin ga-ruwan fa? Da garwa aka haife shi?"

Nawaf ya yi dariya, idonsa na kan waya. "Wallahi ban taɓa ji ba sai a bakinka. Ka tabbata ba a gwanjo ka sayo su ba ka manta? Sun yi maka yawa fa."

Ya faɗi abinsa ya ci shinkafarsa ya tafi. Yaran yanzu sun iya yanka ba wuƙa, su goge baki su ce wasa suke. Lurwanu kuwa maganar ta tsaya masa a rai. Ya san ranar da ya rufe ido Nawaf ne zai kwashe ɗakin nan. In bai yarda na kakansa ba ne, gwanjo za su koma, su kwanta cikin matattun fanka, a manta an taɓa yin wani Abdulsalami da ya je Bama. Shi da ya nemo wa baƙi goma sha bakwai asalinsu, ya kasa tabbatar da na ubansa.

Ranar Litinin ya naɗe su a hankici ya hau motar Jidda, wurin Sami, mai shagon tsofaffin sulalla da lambobi, wanda suka daɗe suna hulɗa. Sami ya juya tauraron, ya auna, ya duba zanen rawanin sarki da ke tsakiya.

"Ta gaske ce, ya ammi. Amma ta waye? Dubbai aka raba, duk iri ɗaya." Ya ɗauki fara, ya ɓata fuska. "Wannan kuwa, wane mara imani ya yi mata haka? Nauyin ya yi kusa, faɗin ya yi daidai, amma ba zan sa hannuna a kanta ba. Ina takardar sallamarsa?"

Takarda kam babu. Shekarar da Malam Abdulsalami ya tashi neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, wani ya tsorata shi cewa in aka ga ya yi wa Nasara aikin soja za a hana shi. Ya cusa littafin sallamar a murhu, ya kulle bakinsa. Ko a gida bai cika zancen ba, sai in zazzaɓi ya kama shi ya riƙa ba da umarni da wani yare.

"To shaida," in ji Sami. "Wanda ya gan su a hannunsa da idonsa. Ba takarda ba ce, amma ta fi babu."

Shaida akwai, guda ɗaya tak ta rage, kuma Lurwanu ya san ko wace ce. Yayarsa Bilkisu. Ranar sadakar ukun ubansu aka buɗe adaka, ya ga mindar a kankare, uwarsu ta ce ai aikin Bilkisu ne. Bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Gaban masu gaisuwa ya ce mata jahila, ya ce ta lalata gadon ubansu don tsoron malaman zaure. Ita kuma ga taurin kai irin na gidan, ta ja mayafinta ta bar wurin. Shekara ashirin da takwas ke nan, sai gaisuwar Salla ta waya, minti ɗaya, a ajiye. Uwa ɗaya uba ɗaya, gari ɗaya, kan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba. Wannan in ba wauta ba mene ne? Kuma laifin nasa ya fi yawa, a faɗi gaskiya.

Kwana uku ya yi yana kai gwauro yana kai mari a ɗaki. Ranar Alhamis da hantsi ya shiga Tandabawi, ɓangaren da rusau bai kai ba, ya hau lungun da ƙafarsa ba ta manta ba. Bilkisu tana zaune kan darduma a gidan 'yarta, ƙafafu a miƙe, yanar ido ta rufe mata gani sai inuwa.

"Muryar wa nake ji kamar ta Lurwanu? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya."

"To ɓatan hanya ka yi. Gidan jahila ne nan, ka sani ko?"

Ya zauna a bakin dardumar, ya kwance hankicin, ya aza mata farar a tafin hannu. Yatsunta suka bi ta sau ɗaya, suka tsaya a wani ɗan tsagi da ke bakinta. Tsagin nan Lurwanu ya sha kallonsa ta madubi, ya ɗauka faɗuwa ta taɓa yi.

"Ga inda magagarin ya suɓuce," ta ce. Ta miƙo masa babban yatsanta na hagu. Wani farin tabo ya ratsa shi. "Ga inda ya sauka."

"Me ya kai ki, Yaya?"

"Au, yau tambaya kake? Da zagi ka fara." Ta gyara zama. "Ina shekara sha ɗaya, kai kana yawo ba wando. Limaminmu ya yi wa'azi cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto. Baba ya dawo ya buɗe adaka ya zura wa abin nan ido. Tauraron ba hoto, rubutu ne da rawani, ya mayar. Wannan kuwa gaba kan sarkinsu ne, baya kuma zaki. Sau biyu yana fita da ita zai yar a juji, sau biyu yana dawowa da ita a aljihu. Ya ce shi bai tako tun daga Azare a ƙasa don ya kori mala'iku daga gidansa ba. Kuma ya ce su tara suka fita daga garinsu, shi kaɗai ya dawo, abin nan ba nasa ba ne shi kaɗai, ba zai watsar da mutum takwas a juji ba. Sai ya aro magagari wurin maƙeri."

"Shi ya ce a kankare?"

"Da wa zai ce? Ka manta hannunsa rawa yake? Ya gwada ya kasa. Shi ya riƙe ta da awartaki, ni na yi ta gogawa. Yini uku, bayan la'asar. Ya kau da kai yana tasbihi, hawaye na bin gemunsa. Da na yanke, rawaninsa ya yaga ya ɗaure mini."

Lurwanu dai mai sana'a ne, mai sana'a kuwa ba ya barin hali. "Zakin, Yaya. Yaya yake?"

"Ji shi! Jarrabawa za ka yi mini? Tsaye yake ya taka wani dodo mai kai biyu, ɗaya kamar na mikiya. Da dodon na fara, don tsoro yake ba ni. Kwana nawa ina mafarkinsa."

Haka yake, ba ragi ba ƙari. Matar da ba ta taɓa ganin wata mindar ba a rayuwarta ta zana masa abin da ke bayan irinta kamar yana gabanta. Ɓarnar da ta sa Sami ya ƙi sa hannu, ita ce kaɗai abin da ya ɗaure ƙarfen nan da gidansu.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Mai tambaya ake ba amsa, ɗan'uwana. Na jira ka tambaya. Ban san jiran zai kai idona ya mutu ba."

Ya nemi gafara. Ta ce ya daina, ya sha shayinsa kafin ya huce. Ya roƙe ta ta maimaita labarin ya ɗauka a waya, ta maimaita, har da ƙari kan yawonsa ba wando. Da ya tashi tafiya ya miƙa hannu zai karɓi mindar, sai ta dunƙule hannunta.

"Bar mini ita. Kai kana da tuli. Ni wannan ce kaɗai aikin da muka taɓa yi ni da Baba mu biyu. In na mutu ka zo ka ɗauka, in ka ga dama ka zo kafin nan."

Ya bar mata.

A mota ya tura wa Nawaf muryar gwaggonsa, minti shida. Kafin ya isa Zahir amsa ta shigo: hoton babban yatsa a ɗage, da "Masha Allah, na yarda ya abuya." Minti shidan ma ba su cika ba da aikawa. Yardar da uban ya je har Jidda, ya haɗiye girman kan shekara ashirin da takwas don ya samo, ɗan ya miƙo ta da yatsa ɗaya yana tsakiyar wani abin. Juma'ar nan bai zo ba. Ya ce akwai cunkoso.

Lurwanu dai ya yanki kati ya zauna ya rubuta, yadda malamai suke jero waɗanda suka karɓo magana daga bakinsu: Ta Abdulsalami ɗan Azare, sojan Bama, ɗan ga-ruwa a Tandabawi. Na ji daga Bilkisu 'yarsa, wadda ta gani da idonta, ta kankare da hannunta bisa umarninsa. Ta mutum tara ce. Ba ta sayarwa ba ce. Ya sake rubuta layin ƙarshen da Larabci, manya-manya, don mai kwashe ɗakin kada ya ce bai gane ba.

Ya ajiye katin kusa da tauraron, a gurbin da babu komai. Washegari bayan asuba ya kira sunaye goma sha bakwai kamar kullum, ya ƙara na ubansa. Sauran takwas ɗin bai san sunansu ba. Ya duba agogo, ya ga da sauran lokaci kafin Yaya ta tashi daga barcin safe. Ya ɗauki alƙalami da katuna takwas ya sa a aljihu, ko da za ta tuna wani, ya zauna yana jiran rana ta ɗaga.