Kabo da Baɗlaimusu

Kabo mutumin Damagaram ne. Ya bar gida yana saurayi da niyyar hajji, amma sai da ya shekara tara a hanya. Shida daga ciki a Sudan ya yi su, yana yi wa wani Bature mai awon ƙasa kuku. Baturen nan akwai surutu, kuma ba abin da yake so kamar zancen taurari. A bakinsa Kabo ya tsinci Turanci, har ya iya karanta shi.

Da ya sauke farali bai koma ba. Ya zauna a unguwar Jarwal ta Makka ba takardar izinin zama, ya auri Safara'u, ya samu aikin ɗinkin littattafai a wata ƙaramar maɗaba'a. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya san yana jin Turanci, shi ma bai faɗa ba.

A 1964 Ustaz Yunus, wani malamin makaranta jikan Hausawa haifaffen Makka, ya kawo ɗan littafin ilimin taurari da ya fassara daga Turanci zuwa Larabci. Kabo na jera shafukan gwaji sai ya ga an rubuta "masanin Ingila, Bitulimi". Ya jawo na Turancin ya duba, ya ga Ptolemy.

"Ya Ustaz, wannan fa ba mutumin Ingila ba ne."

Yunus ya yi murmushi. "Ya Ammi Kabo, baffana, kai dai yi ɗinkinka."

"Zan yi. Amma wannan Baɗlaimusu ne, Bayunanen da ya zauna Iskandariyya, wanda malamanmu suka sani tun da daɗewa. Turawa na rubuta harafin farkon sunan, ba sa furta shi. Tolami suke cewa."

Masu injin buga littattafai suka tsaya da aiki. Kabo ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa kan Ptolemaic.

"Nan kuma ka ce sunan na'ura ne. A'a, jingina ce gare shi, wato ra'ayinsa cewa ƙasa na tsakiya, rana da taurari na kewaya ta. In kuma zancen tarihi ake, sarakunan Masar ne masu irin sunansa. Baturen da na yi wa aiki ma, in ya ga taswirar da ta tsufa, da kalmar nan yake mata ba'a."

Mai maɗaba'ar, Shehu Mukhtaru, ya aika aka aro babban ƙamus wurin wani malami Bamisire. Yunus ya karanta da kansa, da ƙarfi, sannan ya rufe ƙamus ɗin ya tashi ya sumbaci kan Kabo.

"Wallahi ya Ammi, ka rufa min asiri. Da an buga haka, da na zama abin dariya."

Wuri goma sha ɗaya Kabo ya gyara a littafin. Kafin Ramadan Shehu Mukhtaru ya tsaya masa ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, ya kuma ba shi teburin duba fassara kusa da taga. Yunus ya sa sunansa a shafin godiya.

Ran da takardar ta fito, Safara'u ta yi dambu ta raba wa maƙwabta. Kabo ya sa farar riga ya bi babban titi zuwa Harami, ya iske ɗan sanda a bakin hanya, ya yi masa sallama har da tambayar iyali.